Citta da Garehul: Hannu Ɗaya, Reno Biyu

Yau maganar gona za mu yi, kuma da manoman Manchok da kewaye nake son mu zauna, daga Kagoro zuwa Kaura, har Kafanchan da Zonkwa da duk inda muryar nan ta kai.

Tun bayan annobar da ta faɗa wa citta a daminar 2023, akwai tambayar da ba ta bar bakin mutane ba, a kasuwa, a majalisar yamma, a ƙofar coci da ta masallaci: me za mu haɗa da citta, don kada a sake yi mana irin wannan shara? Wanda ya ga abin da idonsa ba ya bukatar a ba shi labari. Ganye ya fara rawaya tun daga ƙasa, ka kama kara ka ja sai ya biyo hannunka ba gardama, ka tona ka tarar da saiwa ta yi laushi tana wari. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da sama da naira biliyan 12. Abin da ya fi ciwo shi ne, ita citta irinta jikinta ne, don haka da amfanin ya tafi, irin baɗi ma ya bi shi.

Wasu sun karkata ga kurkum, wasu sun ƙara masara da waken suya, wasu kuma hankalinsu ya koma kan itatuwa: mangwaro, lemun zaƙi, har da garehul, babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci da ake gani jefi-jefi a teburin masu kayan marmari a Jos da Abuja. Ni ina goyon bayan wannan tunani. Sai dai akwai abin da nake tsoro, kuma shi ne dalilin sharhin yau: hannun da ya ƙware a citta, idan aka bar shi da sabonsa, shi ne zai kashe bishiyar garehul. Kusan duk abin da citta ke so a yi mata, garehul ba ya so.

Ba zan tsaya koya wa mutanen kudancin Kaduna noman citta ba, wannan rainin hankali ne. Kusan shekara ɗari ke nan ana nomanta don sayarwa a wannan yanki, tun wajen 1927, lokacin da layin dogo ya iso Kafanchan. Tafin Giwa da Yatsun Biri, yaro ma ya san bambancinsu. Daga Kwoi da Kachia da Kagarko buhunan busasshiyar citta ke tashi har Turai da Indiya da ƙasashen Larabawa, kuma masu saye sun san tamu da yaji da yawan mai. Abin da kawai nake so mu lura da shi shi ne ɗabi'un da wannan noma ya dasa a hannunmu. Muna binnewa. Muna lulluɓewa da ciyawa. Muna tonawa. Kuma da an gama shanya, mukan juya wa gona baya sai ruwa ya sake sauka.

Mu fara da binnewa, don a nan aka fi yin ɓarna. Manomin citta yakan yanka iri gunduwa-gunduwa, kowace da idonta ɗaya ko biyu, ya sa a ƙasa tazarar kamar santimita 20, ya rufe. Idan ruwa ya wanke ƙasa saiwa ta leƙo, sai ya ƙara tura mata ƙasa. Daidai ne. To, ka ba wannan mutum dashen garehul a leda, me zai yi? Zai haƙa rami mai zurfi, ya zura shi har wuya, ya tara ƙasa a gindi ya danna da ƙafa, yana ganin ya kyauta masa.

Ɗauki dashen ka duba da kyau kafin ka shuka. Kamar tsawon tafin hannu ko fiye daga bakin leda, za ka ga wani ɗan karkace a jikin karan, da tabon yanka a gefe. Nan ne wurin aure. Daga nan zuwa ƙasa wata bishiya ce daban, galibi wani lemun tsami mai kaushin ɓawo ko wani irin tanjarin mai juriya, wanda aka zaɓa saboda saiwarsa. Daga nan zuwa sama shi ne garehul ɗin da ka biya kuɗinsa. Wannan mahaɗa dole ta zauna a sarari, iska na bugun ta, nesa da ƙasa. Yadda ƙasa ta tsaya wa dashen a cikin leda, haka za ta tsaya masa a gona, ko ma ya ɗan fi tudu kaɗan, don ƙasar rami takan zauna bayan ruwa biyu uku. Idan ka binne mahaɗar, ba ranar za ka ga sakamako ba, ba ma shekarar ba. Sai bishiya ta yi shekara uku ko huɗu, ta fara ba ka sha'awa, sannan ka ga wani ƙaro mai ruwan ƙasa-ƙasa yana tsattsafowa daga gindi, ɓawo ya tsage, ka ɓantare ka ga ciki ya yi duhu. Ganye ya yi rawaya, bishiya ta yi fure da yawa fiye da ƙima, mai ita yana murna, alhali kuwa furen ban kwana ne. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma garehul na cikin lemukan da ta fi kamawa. Idan aka gan ta da wuri ana iya kankare wurin a shafa magani mai sinadarin jan ƙarfe, amma idan ta zagaye gindin, sai dai gatari.

Wannan jinkiri shi ne babban bambancin amfanin biyu. Citta idan ka yi mata kuskure a Mayu, kafin Disamba ta gaya maka, baɗi ka gyara. Bishiya takan riƙe laifinka a ciki har sai ka manta ka yi shi.

Sai lulluɓi. Babu gonar citta ta kirki da ba a rufe ta da busasshiyar ciyawa ko ganye ba da zarar an shuka, don ƙasa ta riƙe laima, rana kada ta dafa iri, ruwan sama kada ya daddaɓe ta. Garehul ma yana son ciyawa, musamman da rani, amma a zobe. Ka shimfiɗa ta daidai inda rassa suka kai, ka bar fili tsirara kamar tafin hannu biyu kewaye da gindin. Ciyawar da ta jingina da ɓawo gida biyu take ginawa: na waccan cuta da damina, na gara da rani. Haka taki. Kashin kaji ko na shanu wanda ya ruɓe sosai, a zuba shi a zoben, kada a tula shi a wuyan bishiya. Takin zamani kuma kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku cikin damina, ya fi a juye shi lokaci guda.

Fartanya ma sai an ja mata kunne. Saiwoyin da lemu ke ci da su ba su da zurfi, suna nan shimfiɗe kusa da fuskar ƙasa, sirara. Wanda ya saba kafta da tono, idan ya shiga ƙarƙashin bishiya da ƙarfinsa, bakin bishiyar yake yankewa, kuma kowane rauni ƙofa ce ga cuta. A ƙarƙashin lemu da hannu ake cire ciyawa, ko a sassabe ta sama-sama.

Akwai kuma wani abu da ba shi da makamanci a citta sam. Lokaci-lokaci za ka ga toho mai ƙarfi, kore shar, mai ƙaya, ya fito daga ƙasan mahaɗar aure, yana girma fiye da sauran. Mutum ya gan shi ya ce bishiyata ta yi ƙarfi. Wannan ba garehul ba ne, gindin ne ke neman ƙwace gida. Idan ka bar shi, bayan 'yan shekaru za ka tsinki lemun tsami mai kaushi ka ce mai dashe ya cuce ka. A murje shi da yatsa tun yana ɗanye.

Yanzu mu zo kan kalanda, inda nake ganin za a fi shan wuya. Aikin citta na damina ne. A shuka a Afrilu ko Mayu, a yi ta cire ciyawa, wata bakwai zuwa tara ganye ya bushe, a tona, mata da yara su zauna da wuƙa suna tsagawa, a baza a kan duwatsu da gefen kwalta hunturu ya busar. Daga nan gona ta huta, mai gona ma ya huta, a shiga bukukuwan ƙarshen shekara, a tafi Kagoro kallon bikin Afan ranar ɗaya ga Janairu. To, daidai wannan lokaci ne ƙaramin garehul ya fi bukatar mai shi. Daga Nuwamba zuwa Maris ba ruwa, iska busasshiya, kuma saiwarsa ba ta yi nisa ba. A shekaru biyu ko uku na farko, sai an ba shi ruwa, jarka guda a mako ga kowane dashe, a zuba a hankali ya nutse, ya fi a yayyafa masa kullum. Lokacin ne kuma ake sakin awaki, kuma akuya ba ta ƙi ganyen lemu ba. Lokacin ne ake cinna wa daji wuta. Gonar citta da aka riga aka tone, wuta ta bi ta kanta ba a yi asarar komai ba. Gonar lemu mai shekara biyar, wuta ta minti goma ta isa. Saboda haka kafin ka sayi dashe ko ɗaya, tambayi kanka: ina ruwa yake a watan Fabrairu, wa zai ɗauko shi, kuma wa zai share gefen gona kafin masu farautar ɓera su iso? Idan babu amsa, a dasa a bayan gida kusa da rijiya, inda ido ke kai.

A wuri ɗaya dai suka yi tarayya, kuma ya kamata a faɗa: dukansu ba sa son ƙafarsu cikin ruwa. Yankinmu na samun ruwan sama mai yawa, milimita 1,500 ko fiye a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Ƙasar da ruwa ke kwanciya a Agusta tana ruɓar da citta, tana ruɓar da saiwar lemu. Fadama ta shinkafa da gwaza ce. Lemu a kai shi jigawa ko gangare mai sauƙi.

Wani zai ce, shin ma ƙasarmu ta dace da garehul? Tambaya ce mai kyau, don a Manchok muna zaune ne a gindin tsaunukan Filato, kuma ido yakan yaudari mutum. Ka hau hanyar Ganawuri zuwa Vom, cikin ɗan lokaci ka shiga wata duniya, ga dankalin turawa, ga kabeji, ga furanni iri-iri a bakin titin Jos, a tsayin kusan mita 1,200. Sai mutum ya ɗauka duk abin da aka shuka a can zai yi a nan. Kowace shuka da yanayin da ta gada. Akwai wani ɗan fure rawaya da ke fitowa a makiyayun Ingila cikin Afrilu da Mayu, suna kiransa kauslif. Irinsa ba ya tsirowa sai ya kwana makonni cikin sanyin hunturunsu, shi ya sa suke shuka shi da kaka su bar shi a waje. Ka kawo shi Kafanchan ka ba shi taki da ruwa yadda kake so, abin da yake jira ba zai zo ba. Garehul kuwa akasin haka ne. Ɗan zafi ne. A tsibirin Barbados aka fara ganin sa, inda aka rubuta labarinsa a 1750, kuma ya samu ne daga haɗuwar lemun zaƙi da wani ƙaton lemu na Asiya. Daga baya ya shiga Fulorida ta Amurka a 1823, mai jan ciki kuma aka gano shi a wata gona a Texas a 1929. A duk inda ake nomansa, an san ya fi zaƙi da ruwa inda zafi ya fi, inda sanyi ya yi yawa kuma sai ɓawo ya yi kauri, tsami ya ƙaru. Wato a wannan fanni mu da ke ƙasan dutse mun fi na sama sa'a.

Sai dai zafin yana da nasa wasa. Lemu ba ya rikiɗa ya yi rawaya sosai sai dare na sanyi, shi ya sa namu kan nuna yana kore ko kore-rawaya. Kada a jira launi irin na hoton kwali. Kuma kada a tsinke da wuri a ce zai ƙarasa a buhu kamar mangwaro ko ayaba; lemu da ya bar reshe ya gama zaƙinsa ke nan. A yanka ɗaya a ɗanɗana. Alherin garehul shi ne yana iya zama a bishiya makonni bayan ya nuna, mai shi na tsinka daidai da kasuwa, in dai ƙudan 'ya'yan itace bai yi yawa ba. Maganin farko na wannan ƙuda kuwa ba na saye ba ne: duk wanda ya faɗo ƙasa a tsince a binne da zurfi, kada a bar shi tsutsa ta fita.

Batun iri. Manomin citta ya saba ajiye nasa ko ya saya wurin maƙwabci, kuma 2023 ta nuna mana haɗarin hakan, tunda cuta na bin iri daga gona zuwa gona. Malaman gona na ta nanata a zaɓi iri mai lafiya, a tsoma shi a magani kafin shuka, kuma kada a maimaita citta a gonar da ta kamu sai an huta mata shekaru. A garehul jarabawar daban ce: mutum ya sha mai daɗi, ya tofar da ƙwallo a tukunya, ya tsiro. Zai girma, ba musu, kuma sau da yawa yakan ɗauko uwarsa. Amma zai yi tsawo, ya yi ƙaya, ya ɗauki shekara bakwai ko fiye kafin ya yi fure, ga shi gindinsa ba shi da kariya daga cutar da muka ambata. Mai aure kuwa shekara uku zuwa huɗu ya fara. Cibiyar binciken kayan lambu da marmari ta ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1975, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano da Dadin Kowa ta jihar Gombe, kuma aikin lemu na cikin abin da take yi. Wanda ba zai kai can ba, ya nemi mai renon dashe da aka sani, wanda zai iya nuna masa uwar bishiyar da ya yanko ido daga jikinta. Dashen da ake tallatawa a bayan mota ranar kasuwa, ba suna ba asali, ni dai ba zan ba shi shekara huɗu na rayuwata ba.

To, kuɗi fa? A nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Garehul ba zai maye gurbin citta ba. Citta tana da dillalai da ke zuwa har ƙauye, tana da masu fitar da ita waje, kuma busasshiya takan jira farashi a ɗaki wata da watanni. Garehul ɗanye ne, mai nauyi, kuma yawancin mutanenmu ba su saba da ɗacinsa ba. Masu sayensa suna birane: otal-otal, manyan kantuna, masu matse ruwan 'ya'yan itace. Ga kuma lemun Binuwai da ke cika kasuwannin Arewa mota-mota. Hekta guda, a tazarar mita bakwai-bakwai, tana ɗaukar bishiya kusan 200. Wanda ya cika ta da garehul zalla ba tare da ya san mai saye ba, ranar tsinka zai sha mamaki. A ganina, a cikin kowace bishiya goma, bakwai ko takwas su zama lemun zaƙi da tanjarin da kowa ke sha, biyu ko uku garehul, mai jan ciki in an samu, don shi ya fi shiga ido.

Kuma duk mai sayar da shi ko mai sha ya riƙe wannan: garehul ba ya jituwa da wasu magungunan asibiti. Masu bincike a Kanada ne suka gano haka a 1989. Yana hana jiki narkar da wasu magungunan hawan jini, irin su nifedifin, da wasu na rage kitse a jini, sai ƙarfin maganin ya ninka a jikin mutum. Ana yawan tallata shi a matsayin abin rage ƙiba, kuma masu neman rage ƙibar su ne sau da yawa ke kan waɗannan magunguna. Mai shan magani kullum ya tambayi likita kafin ya mai da garehul abin karin kumallo.

Akwai wata magana da ba ta cikin littafin malamin gona, amma kowa a nan ya san ta. Citta ana nomanta a gonar aro ko ta haya, a kwashe a ba mai ƙasa abinsa. Bishiya kuwa a al'adarmu shaida ce. Wanda ya dasa ta kamar ya ce nan nawa ne. Rigingimun gado da na iyaka da yawa daga gindin mangwaro suka taso. Kada a dasa lemu a gonar da ba a daddale maganarta ba, kuma idan ta gandu ce, a zauna da 'yan'uwa tukuna, a gaban mai unguwa in da hali. Na san kuma akwai ƙauyukan da shekarun tashin hankali suka sa mutum ba ya iya yin lissafin shekara biyar gaba. Wannan ba laifin manomi ba ne, kuma duk mai kiran mutane su dasa itatuwa ya san da shi.

Ga wanda ƙasarsa ce kuma ruwa na kusa, haɗa su biyun a gona ɗaya abu ne mai yiwuwa. Tsakanin layin lemu da layi akwai fili mai faɗi da zai zauna banza shekara uku ko huɗu, ita kuwa citta ba ta ƙin 'yar inuwa. Ciyawar da aka rufe ta da ita da takin da aka ba ta duk suna gyara ƙasar. Sharaɗin shi ne a bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin citta da gindin kowace bishiya, a riƙa faɗaɗa shi yayin da rassa ke buɗewa, don ranar tono fartanya kada ta kai ga saiwa. Kuma kada a jera citta shekara bayan shekara a wurin. Bana ita, baɗi wake ko gyaɗa. Idan bishiyoyi suka girma, a riƙa ɗaga kai ana duba kauci, a sare reshen da ya kama tun bai yaɗu ba.

Ramin dashe, santimita 60 faɗi da zurfi, a haƙa shi tun kafin ruwa, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar, a bar shi ya zauna. Dasawa kuma sai ruwa ya kankama, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, da yamma, a yanke leda a cire ta gaba ɗaya. Na san lokacin ne aikin citta da masara ya fi kamawa, shi ya sa mutane kan ɗaga sai Agusta ko Satumba idan hannu ya yi sauƙi. Dashen Satumba wata biyu kawai yake samu na ruwa kafin hunturu ya same shi, kuma irinsa ne ake tararwa a bushe a watan Maris.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. A yi noma lafiya.